Gajeren Wandon Bariki

Har yau akwai masu cewa a Illela wai an kore ni daga bariki ne don na lalata injin Bature. Ƙarya suke yi. Lafiyarsa ƙalau na bar injin nan, yana ƙyalli, wanda kuma ya ce ba haka ba ne ya zo ya faɗa a gabana tun ina da sauran numfashi. Kuskure dai na yi, babba ma, kuma da bakina zan faɗe shi. Amma ba shi ya fitar da ni ba.

Gidanmu gidan malamai ne. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ya gaji makarantar da ke zaure, don shi Allah ya ba kan karatu. Ni abin da ya wajaba na sani, sauran ya ƙi zama. Ciyawa nake yankowa da lauje daga fadamun wajen Lafani in sayar wa masu dawaki da jakuna, da ita na yi aure, da ita nake ciyar da matata da 'ya'ya uku, wata rana a ƙoshi, wata rana a yi haƙuri. Lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. An ja iyaka tsakaninmu da Ƙwanni, aka gina bariki a bayan gari inda Baturen da ke kula da iyakar yake zaune.

Wata Lahadi masinjansa ya same ni a kasuwa. Mutumin gabas ne, dogo, shi ne kuma tafinta, duk maganar da za ta shiga kunnen Bature ko ta fito daga bakinsa sai ta bi ta kansa. Ya ce ana neman wanda ya san ciyawa. Na ɗauka doki za a ba abinci. Ashe fili Bature yake so a gaban ɗakinsa, a dasa kiri-kiri, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma, in ta tofo a aske ta. Mai wannan aiki shi suke kira gadina. Kiri-kiri fa, wadda kowane manomi yake tsine wa a gonarsa.

Ai kuwa an sha yi mini dariya. A kasuwa suna kirana wanzamin ciyawa. Wani tsoho daga Garu ya tare ni ya ce, “Kowa shina noma shi kashe haki, kai kana ba shi ruwa? Mi yas same ka?” Na ce masa abin da ya same ni shi ne tuwo kullum a gidana. Gaskiya kuwa na faɗa, tun da na fara aikin nan yarana ba su sake kwana da yunwa ba. Ban da wannan ma na ƙaunaci filin. Da garwa biyu nake ɗebo ruwa daga rijiya, in bi shi taki-taki, har ya rufe ƙasa ruf, kore shar a tsakiyar yashi. Masu wucewa da raƙuma sukan tsaya su kalla.

Damina biyu ina aske shi da langalanga, sannan inji ya iso daga Sakkwato a cikin akwati, a bayan raƙumi. Ƙafafu biyu ne na ƙarfe, tsakaninsu wuƙaƙe biyar a murɗe, da doguwar mariƙa ta itace. In ka tura, wuƙaƙen su juya su riƙa gogar wata wuƙa da ke kwance a ƙasa, su yanke ciyawa kamar almakashi. Bature ya nuna mini sau ɗaya, ya koma inuwa. Sauran da kaina na koya, wani da hankali, wani da wauta. A makon farko man da ya zo da shi ya ƙare, na ce ai mai mai ne, na ɗura masa man gyaɗa. Kwana biyu sai ga cinnaku sun yi gida a ciki, yashi ya manne, inji ya yi nauyi kamar ana tura turmi. Na wanke shi da kananzir, ban sake ba. Na gane ba a yanka ciyawa da raɓa a jikinta, sai rana ta ɗaga. Kafin in tura kuma sai na bi filin duka a sunkuye na tsince tsakuwa, don dutse ɗaya ya isa ya yi wa wuƙa giɓi. In zan ƙetare hanyar tsakuwa, ɗaukarsa nake yi a kafaɗa. Abin da na fi tsarewa kuwa shi ne, ba a sunkuya, ba a kai hannu, sai wuƙaƙen sun tsaya cik. Kukun Bature ya taɓa zuwa zai taɓa shi don wasa, na daka masa tsawar da ta sa ya saki buta.

Ana haka sai labari ya zo Baturen Faransa na Ƙwanni, wanda suke kira Kumandan, zai kawo ziyara. Bature ya tashi hankalin kowa. Aka shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, aka kawo wa ma'aikata kaki. Masinja ya miƙo mini nawa a naɗe, na warware, riga ce da wando. Na ɗaga wandon, na juya shi, na duba ko an manta da sauransa a cikin akwati. Tsakiyar cinya ya tsaya.

Na ce, “Wanga na wa na? Ɗana na fari ma ya hi shi tsawo.”

Masinja ya ce, “Naka ne, gadina. Kowa shi zai sa. Bature ya ce yana so a ga ma'aikatansa tsaf, iri ɗaya.”

“Ni ba ni sa shi.”

Ya yi murmushi, irin na wanda aka ba abin da yake nema. Ya ce, “To, ba dole. Akwai surukina a gida, zaune yake ba aiki. Shi ba ruwansa da tsawon wando.”

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Yayana yana zaune a bakin zaure, ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, “Mi nij ji? An ce wandon da bai kai gwiwa ba anka ba ka. Ka san dai daga cibiya har gwiwa al'aura ta. In kas sa shi, kak ka koma shigowa zauren ga.”

Na ce, “Malam, wa yac ce maka zan sa?”

Ya ce, “Na san ka da son aikin nan.”

Maganar nan ta fi ta masinja ƙona mini rai. Dukansu biyu sun gama yanke hukunci cewa zan miƙa wuya, ɗaya yana jira in bar aiki, ɗaya yana jira in tuɓe. Ni kuwa ina son aikina, ina kuma son gwiwata a rufe, ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba.

Nan ne shaiɗanin taurin kai ya hau ni. Na ce in kwalliya Bature yake so, zai ga kwalliya. Cikin abin da na gada akwai babbar rigar mahaifinmu, ta saƙi, mai nauyi, da aikin aska a ƙirji, wadda yake zuwa Juma'a da ita. Saura kwana biyu baƙo ya zo na ciro ta daga adaka, na naɗa rawani. Matata ta dube ni ta ce, “Maigida, wagga riga ba ta aiki ba ta. Da ita za ka tura ƙarhen?” Na ce ta kula da tukunyarta.

Na shiga bariki ina taku kamar alƙali. Kuku ya leƙo, masinja ya saki baki, Bature ya fito baranda da kofinsa a hannu. Na tattara hannayen rigar na aza a kafaɗa, na kama mariƙa. Layi na farko ya tafi sumul, na biyu ma haka, har na fara jin daɗin kaina. A layi na uku na hango tsakuwa a gabana, don ran nan ɗoki bai bar ni na tsince filin da kyau ba. Abin da ya kamata shi ne in tsaya, in jira wuƙaƙe su mutu, in ɗauke ta. Amma idanu suna kaina, ba na so a ga na tsaya. Sai na sunkuya ina tafe, zan ɗauke ta da hannu ɗaya. Hannun rigar ya zame daga kafaɗata ya faɗa bakin inji.

Kafin in ce wani abu ya naɗe shi, ya fizgo ni, na zube a kan gwiwoyina, rawani ya yi nasa wuri. Na kai hannu zan ƙwato rigar, wuƙa ta tsarge mini babban yatsa. Inji ya shaƙe ya tsaya. Ina durƙushe, wuyana a ɗaure da ƙarfe kamar akuyar da aka kai kasuwa, ina jin dariyar kuku daga bayan ɗaki.

Bature ya sauko da sauri. Injin ya fara dubawa, ya taɓa nan, ya taɓa can, sannan ya dubi jinin da ke hannuna. Wannan na lura da shi, ban kuma manta ba. Ya yi magana gajeriya, masinja ya fassara yana ƙoƙarin danne dariya. “Ya ce ka ga amfanin wandon yanzu. Jibi da safe inji ya tashi, fili ya sha aski, kai kuma kana cikin kaki. In ɗaya ya rasa, ka bar aikin.”

Babu yadda za a yi rigar ta fito. Da hannuna na zare wuƙata na yanke rigar ubana, daga kafaɗa har ƙasa, na bar rabinta a bakin inji. Sauran na naɗe a hammata na bi bayan gari, don kada in ratsa kasuwa. Yayana ya gani. Ya karɓa, ya shimfiɗa a kan cinyarsa, ya shafa wurin aikin askar, ya daɗe yana kallo. Bai zage ni ba. Ya miƙo mini ya koma zaure. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗaki na yi kuka, ni da 'ya'ya uku, don ni na jawo, ba Bature ba, ba masinja ba.

Washegari tun da hantsi ina gindin tsamiya da injin. Zaren saƙi ba ƙaramin zare ba ne, ya shige ko'ina, ya naɗe sandar tsakiya tam. Da basilla na riƙa zaro shi ɗaya-ɗaya, yatsana a ɗaure da tsumma. Na kwance ƙafafun, na wanke da kananzir, na mayar, na daidaita wuƙar ƙasa da kusoshinta biyu har ta koma gogar sauran daidai. Ina yi ina tunani. Na yarda Bature ya yi gaskiya a abu ɗaya, tufa mai reto ba ta zama kusa da abin da ke juyawa. Amma ai dogo daban, mai reto daban. Inji bai taɓa cewa yana son ganin cinyata ba.

Da azahar na tafi wurin wani maɗinki a bakin kasuwa da ƙyallen akoko. Na ce ya yi mini wando tsala har idon sawu, ya matse ƙafar yadda ko yatsa ba zai shiga ba, da 'yar shara mara hannu iya kwankwaso. Ya ce zan yi kama da mai kokawa. Na ce ya ɗinka dai. Kafin magariba ya gama. Matata ta wanke, ta buga da guduma har suka kwanta.

Ran da baƙo zai zo na sa su, na ɗaura ɗamara, na tura bakin igiyar ciki. Na cire layun da ke wuyana na ba matata, na sa hula mai kama kai. Na jira raɓa ta bushe. Na bi filin sau biyu ina tsince tsakuwa, sannan na fara. Layi ɗaya in tafi, ɗaya in dawo, sai filin ya fito da zane, wannan haske, wannan duhu. Ban taɓa yi masa aski irin na ran nan ba.

Ina tsakiyar fili masinja ya taho da gudu cikin kakinsa, gwiwoyinsa a waje. “Gadina! Ina kakinka? Tsaya!”

Na ce, “Ba a tsayawa tsakiyar layi, shina barin tabo. Jira ni can bakin.”

Ya bi ni yana faɗa har ƙarshen layin, hayaniyarsa ta fito da Bature. Na tsaya, na jira wuƙaƙe suka mutu, na saki mariƙa. Bature ya dubi filin, ya taka har tsakiya ya dawo. Ya ciro takarda daga aljihu, ya sa a bakin wuƙa, ya juya da hannu, ta yanke ƙat. Ya gwada a wancan gefen, haka. Sannan ya zagaya ni yana dubawa, ya sunkuya ya ja ƙafar wandona, bai sami abin kamawa ba. Ya miƙe ya yi magana. Masinja ya fassara, fuskarsa kamar ya sha maɗaci.

“Ya ce wannan ya yi. Ka ci gaba da sa shi.”

Wallahi wani sanyi na ji har tafin ƙafata. Na riƙe aikina, ban kuma tuɓe ba. Har na fara tunanin yadda zan faɗa wa yayana. Sai Bature ya juyo daga bakin baranda ya ƙara wata magana, nan take fuskar masinja ta washe.

“Ya ce amma in baƙo ya iso, masu kaki ne za su yi layi. Kai ka koma bayan kicin ka zauna, kada a gan ka sai ya tafi.”

Na ce, “Mi?”

“Ka ji ni ai. Ba ka yi kama da sauran ba.”

Na dubi filin. Shekara uku ina jan ruwa daga rijiya mai gaba goma sha, kafaɗata ta yi kanta saboda garwa, rigar ubana ta tafi a kansa. Shi za a nuna wa baƙo a yi alfahari, ni kuma a ɓoye ni wurin da ake zubar da toka. Na gama layukan da suka rage, na kwashe ciyawa, ina gamawa aka ji ƙarar mota.

Masu kaki suka yi layi a bakin hanya. Ni kuma na jawo injina zuwa bakin filin, daidai inda baƙo zai bi, na tsaya a gefensa, hannuna a kan mariƙa. Masinja yana ta yi mini alama da ido da haɓa, na yi kamar ban gan shi ba. Na san abin da nake yi, na kuma san abin da zai biyo baya.

Kumandan ya sauko, gajere ne mai gashin baki. Suka gaisa da Bature, ya wuce masu layi ko kallonsu bai yi ba, ya tsaya a bakin filin. Ya sunkuya ya shafa ciyawar da tafin hannu, ya ɗago ya dubi injin, ya dube ni, ya gyaɗa kai. Na ce, “Sannu da zuwa,” a tsaye. Iyakar abin da ya faru ke nan. Wuyan Bature kuwa ya yi ja har kunne.

Da la'asar baƙo ya tafi. Bature da kansa ya zo inda nake, masinja a bayansa. Wannan karon fassarar ba ta yi wa masinja wuya ba. “Ya ce an ba ka umarni ka ƙi. Ka kawo mabuɗin sito, ka tafi. Kada ka dawo.”

Na ce, “Hwaɗa mai na ji. Amma ban shahe inji ba tun sahe, ni ko ba ni ba da kayan aiki da dauɗa. Shi jira.”

Masinja ya zaro ido. “In ce masa ya jira?”

“Haka nic ce.”

Na zauna a ƙasa na jawo tsumma. Na goge wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na cire ɗanyar ciyawar da ta maƙale a ƙafafun, na ɗiga mai a kowane rami, na juya har ya shiga. Ban yi sauri ba, ban kuma ja lokaci da gangan ba, yadda nake yi kullum haka na yi. Bature yana tsaye a rana, hannunsa a baya, bai tafi ba. Da na gama na saɓa injin a kafaɗa na ƙetare tsakuwa, na ajiye shi a sito a kan katakonsa, na rufe da buhu, na kulle. Masinja ya miƙo hannu, na wuce shi na sa mabuɗin a hannun Bature. Na fita ta ƙofar gaba.

Na koma ga laujena. Shekarar ta yi mana tsanani, ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da yarana suka sha kunu tsararo suka kwanta. Matata ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, da ta buɗe baki kuma ta ce, “An bar maka wandonka, an bar maka aikinka, zama bayan kicin na rabin yini shi yag gagara?” Ita ce kuwa ke raba tuwon. Har ta rasu ba ta yarda na yi daidai ba.

Rigar mahaifina ina nadamarta har gobe, don wautata ce ta cinye ta. Yunwar yarana ma tana ci mini rai in na tuna. Amma ni na yi filin nan, da za a mayar da ni safiyar nan, a bakin filin zan sake tsayawa.